Yadda Za Ka Sayar Da Amfilifaya Mai Kwalabe

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka a Kaduna, kai da Hauwa'u da 'yar jikata, kun sauka lafiya, babu wanda ya tsayar da ku a hanya sai masu kaki. Allah Ya tsare gabanku da bayanku. Innarka na gaishe ku. Ita ce ta cusa takardar cikin buhun kuka da daddawa, don ta san shi matarka za ta fara kwancewa.

Ba zan ba ka labarin gida ba, jiya ka baro shi. Maganar kayan da na ɗora maka a mota ce, wato amfilifaya, na'urar ƙara sauti irin ta da mai kwalaben gilashi huɗu a jikinta, da sifikokinta biyu na katako. Ka san ban ba ka jari ba, don babu. Gonarmu ta Gatawa mun daɗe ba mu taka ta ba, shago kuma batir da cajar waya kaɗai ke fita. Abin da ka samu a kan kayan nan shi ne kuɗin ɗakinku, shi ne kuma abin da za ka fara zubawa a kan tebur. In ka sayar da kyau ka zauna can. In ka sayar da hasara, kafin damina ta zagayo za ka fara tunanin dawowa noma, ni kuwa ba na son ka dawo.

Sama da shekara talatin ina saye da sayar da kayan sauti tsakanin Sabon Birni da Isa da kasuwannin tsallaken iyaka, kuma ɗan abin da na iya hasara ce ta koya mini. Na rubuta ne don baki da baki ba ma jituwa. Da na fara magana sai ta koma faɗa, kai kuma ka sunkuyar da kai kana cewa to, alhali hankalinka na wajen babur.

Kuskurena na farko shi ne auna sauti da nisa. Ka taso ka ga yadda ake gwada kaya a nan. A ɗaure lasifika mai bakin ƙaho a kan gora a ɗaga sama, wani ya hau babur ya nufi bayan gari, yana tafiya yana kashe inji yana saurare. Inda murya ta ɓace masa, nan kuɗin kaya ya tsaya. Wadda ta kai tasha kuɗinta daban, wadda ta tsallake gulbi kuɗinta daban. Ga masallaci da mai tallan magani da 'yan siyasa wannan awo daidai ne, ba ni da ta cewa a kansa.

Kafin a haife ka, wani direban babbar mota ya kawo mini wata amfilifaya daga Kwatano. Na ɗaga ta na ji nauyi kamar dutsen niƙa, na ce a raina wannan in ta yi magana sai an ji a Isa. Ranar kasuwa na haɗa ta da ƙaho, mutane suka taru, mai babur ya tafi. Ko mahauta bai kai ba ya juyo. Wani dattijo mai sayar da igiya da ke kusa da rumfata ya leƙo ya ce:

"Wagga aba taka, nauyin jaki gare ta, amma muryak kyanwa."

Aka yi ta dariya, na ji kunya, a ranar na sallama ta a kuɗin akuya ga wani ɗan kudu mai zuwa sayen albasa. Mutumin bai yi ciniki ba ko kaɗan, kuma ya tuɓe rigarsa ta sama ya naɗe ta da ita. Da ina da hankali da tun nan na gane. Sai bayan shekaru na ga irinta a wani shago a Kano, a cikin gilashi, da aka faɗa mini kuɗinta sai da na yi salati. Mai shagon ya ga halin da nake ciki, ya rufe ƙofa ya kunna mini ita a hankali. Na ji numfashin mai waƙar, na ji yatsan makaɗi yana goga tsirkiya. Ashe an yi ta ne don mutum ɗaya a cikin ɗaki ɗaya, ni kuma na kai ta tsakiyar kasuwa.

Don haka kada ka kai kayan nan layin masu kiɗan biki. Duk wanda ya fara da tambayar wat nawa ce, wato ƙarfin ƙararta, tun bai zauna ba, ka gaishe shi da kyau ya wuce, ba naka ba ne. Mai sayenka zai zo da waƙarsa a aljihu, zai ce a kashe fanka, zai ce a rage murya. Ka ajiye masa kujera a tsakiyar sifikokin biyu, ka ba kwalaben lokaci su ɗumama, sannan ka yi shiru. Na san shirun zai yi maka wuya, surutu ka gado wajen kawunnanka, amma ka daure. Kada ka taɓa kunna ta ba a haɗa sifikoki ba, kuma kada ka ba ta wutar janareta kai tsaye. Ko ɗaya daga cikin biyun nan ya isa ya mayar da ita ƙarfen awo.

Na biyu, son gyara. Mu nan komai namu sai mun yi masa shaida, daga jaki zuwa buhun gero har butar alwala. Na taɓa samun sifikoki biyu na baƙin katako daga wani malamin makaranta da ya yi karatu a ƙasar waje. Lokacin ana yawan fasa shaguna, sai na sa ƙarfe a wuta na ƙona harafin sunana a gefen kowace, yadda ake yi wa raƙumi. Na ga katakon ya dushe, na sayo fenti mai sheƙi na shafe shi tas. Takardar bakin ɗaya ta ɗan tsage, na kai Isa wajen mai naɗin sifika, ya cire ta asali ya liƙa wata da gam. Na tsaya daga nesa ina kallonsu ina yaba wa kaina.

Wani likita ya taso tun daga Sakkwato don su. Ya zagaya su sau biyu, ya sa yatsa a kan tabon wuta, ya tambaya wa ya yi wannan aiki. Na ce ni ne, har da gyara hula. Ya ce da na bar su da tsagarsu da dushewarsu da ya ba ni kuɗin sabon babur, yanzu kuwa ko kyauta ba shi da inda zai ajiye su. Bai ɗaga murya ba, ya sha ruwa ya yi godiya ya shiga motarsa. A gidan kallon ƙwallo suka ƙare.

Kada ka gyara komai, kada ka bari wani mai sukuddireba ya buɗe ta don ya leƙa. Tsumma busasshe ya isa. Masu irin wannan kaya tsufa ba ya damunsu, hannun mai gyara ne suke tsoro. Aibin da ke jikin naka guda uku ne. Akwai ƙarzuna a bayan sifikar hagu, daga amalanke ne. Maɓallin murya yana ɗan ƙara in an juya shi da sauri. Kwalba ta uku ba ta asali ba ce, ta asalin ta mutu, tana cikin safar da na ɗaure a jikin waya, ka nuna masa ita. Ka faɗi ukun nan tun kafin ya zauna. In kai ka faɗa, kaɗan zai rage maka. In shi ya gano, zai fara tunanin me kuma ka ɓoye, daga nan ko rantsuwa ka yi ba za ta ƙara maka sisi ba.

Na uku ba ni na yi hasara ba, shi ya sa ya fi tsaya mini a rai. Wani malami ya rasu a Bafarawa, ya bar gona da littattafai da sifikoki biyu masu tsada da wani ɗalibinsa ya aiko masa daga Makka don sauraren karatu. 'Ya'yansa maza biyu ne. Masu rabon gado suka aiko a kira ni in yi wa kayan ƙima, tunda ni ne aka sani da sana'ar. Na faɗi kuɗin biyun a haɗe, aka tambaye ni to kowace ɗaya fa, na ce rabi mana. Aka ba kowa ɗaya, aka shafa fatiha, har aka ba ni goro.

Irin waɗannan a tagwaye ake ƙera su, lambobin bayansu ma a jere suke, kuma mai saye ba ya sayen ɗaya. Na san haka a lokacin, sai dai ban so in tsawaita zama a gidan makoki ba, ga shi ina son in kama hanya da sauran rana. Babban ya tafi da tasa Shinkafi ya kafa a ƙofar shago, damina ɗaya ta kumbura katakon. Bayan wani lokaci ƙaramin ya ɗauko tasa a kan babur, tana nan sabuwa fil, ya sauke a gaban shagona ya ce:

"Malam, kai kac ce muna rabi da rabi na. To ga rabina, ba ni rabin kuɗɗin."

Na dubi sifikar. Abin da ke gabana kuɗin katako ne da waya. Ya ɗaure abarsa ya koma, kuma har yau in mun haɗu gaisuwa ce kawai.

Za a zo maka da irin wannan. Wani zai ce amfilifayar kaɗai yake so, wani ya ce sifika ɗaya don ya gwada a gida. Amfilifaya in ta kama dole za ka iya sayar da ita daban, ko da yake a haɗe sun fi daraja. Sifikokin kuwa ko zuwa ɗakin maƙwabci kada ɗaya ta fita ta bar 'yar'uwarta. In kuma wata rana aka kira ka yi wa kayan wani ƙima, ka faɗi duk abin da ka sani ko da zaman zai kai ka magariba.

Na huɗu, faɗin kuɗi. A nan mai kaya ba ya fara magana. Mai saye ya taya, ka ce albarka, ya ƙara, ka ce albarka, har ku kai inda za ka ce na sallama. Da rago da gero haka ake yi, kuma yana tafiya daidai, don kowa a kasuwar ya san kuɗin rago. Wata Hajiya daga Sakkwato ta zo neman na'urar faifai don mahaifinta, tsoho mai tarin faya-fayai. Ina da mai kyau ƙwarai. Ta ce nawa, na ce Hajiya ki taya. Ta sake tambaya, na sake cewa ta taya. A karo na uku ta rataya jakarta ta ce ita ba rago ta zo saye ba. Daga baya direbanta ya gaya wa wani cewa ta ɗauka ko ban san abin da nake riƙe da shi ba, ko kuma na sata ne.

Da wayoyin zamani suka zo sai na faɗa ɗaya gefen. Kai da kanka ka nuna mini kuɗin na'urar a ƙasar Turawa, na juya shi zuwa namu na kafe a kai. Ta zauna a shago har robar cikinta ta narke. Abin da ban lura ba, kuɗin da ke cikin waya abin da mai kaya ke nema ne, ba a rubuta nawa aka biya a ƙarshe. Kuma mai sayarwa na can yana da shago da za a mayar masa in ta lalace, yana da wutar da ba ta ƙona kaya. Kai ba ka da ko ɗaya.

Ka ɗauki hoton kayan gaba da baya har da lambobi, ka bar su a ɗaki, ka zagaya wurin dillalai uku waɗanda ba su san juna ba. Kada ka tambaye su nawa take, ka tambaye su nawa aka sayi ta ƙarshe da ta bi ta hannunsu, da kuma wata nawa ta yi kafin ta fita. Daga nan ka yanke naka, ka ɗan ɗora abin ragi a kai, in an tambaye ka ka faɗa sau ɗaya ba tare da kame-kame ba. In za ka sa dillali, ku gama maganar la'ada a gaban shaida, kuma kada kaya su kwana a shagonsa. Kayan da suka kwana a hannun dillali kwalabensu kan canza ba tare da kowa ya taɓa su ba.

Saura ɗaya. Mai saye zai tambaye ka kwalinta na asali da littafinta, kowa yana tambaya, don suna ƙara kuɗi. Ka ce babu. Ga dalilin da ya sa babu.

Na sayi kayan nan daga magadan wani likita a Maraɗi, aka shigo mini da su ta Burkusuma a naɗe cikin barguna, da kwalinsu da littafinsu da rasit. A lokacin na riga na yi wayo, na san abin da na samu. Na ajiye su a gidanmu na Gatawa. Ranar da ɓarayin daji suka sa muka taso daga can, kana makaranta a Sakkwato, kayan na ɗora a amalanke tare da tukwanen Innarka, kwalin kuwa ya cika wuri na bar shi a ɗakin baya da littafin a ciki.

Bayan mun zauna a Sabon Birni, Isufu dillali ya zo daga Maraɗi da tayin wani mai kuɗi na Yamai. Tayin ya isa ya kwashe mu gaba ɗaya zuwa Sakkwato, da fili da ɗaki biyu. Ya ce in da kwali da littafi za a ƙara abin da bai wuce kuɗin rago ba. Na tuna akuyar ɗan kudu, na tuna babur ɗin likita, na ce wannan karon ko sisi ba zan bari a ƙasa ba. Na ce albarka, ya jira ni zuwa gobe. Na kira yayanka, ɗan farina, wanda bakina bai taɓa kiran sunansa ba, na ce ya je Gatawa ya ɗauko kwalin. Ya ce:

"Baba, hanyag ga ba ta da kyau kwanakin ga."

Na ce, "Da rana tsaka za ka tahi. Kwali ɗai na, ka ɗamre shi bayan babur ka komo kahin la'asar."

Ya ce, "To, Baba, za ni."

Ka san sauran, ko kuma ka san abin da aka gaya maka. An ce maka ya je duba geron da ya rage a rumbu ne, na ji ana faɗa na yi shiru. Ya isa gidan lafiya, ya ɗauko kwalin, a hanyar dawowa aka tare shi. Waɗanda suka bi hanyar bayan kwana biyu sun ga kwalin a gefen hanya an farke shi da wuƙa, don masu tarewar sun ga girmansa sun ɗauka akwai wani abu a ciki. Littafin kaɗai aka kawo mini. Shi kuwa har yau ba mu san inda kabarinsa yake ba.

Innarka ta san gaskiyar, ba ta taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban taɓa ba. Isufu ya dawo gaisuwa, ya ce tayin yana nan ko babu kwali, na kasa sallamawa. Na rufe kayan da zane, ban sake kunna su ba sai makon jiya da na gwada maka. Ni na aike shi, a kan kuɗin rago, kuma kunyar wannan da baƙin cikinsa ba su ragu ba. Littafin yana ƙarƙashin katifata. Na ɗauko shi zan sa maka a kaya tunda zai ƙara maka wani abu, na mayar da shi. Ka yafe mini wannan ragin.

Saboda haka duk abin da na faɗa maka a sama, na jiran mai saye na gari da tsayawa a kan kuɗinka, yana aiki ne muddin akwai abin da za ku ci da inda za ku kwana. Ka ba shi wata biyu, ko uku in hali ya yi. Amma ranar da ka ga hatsi ya kusa ƙasan buhu, ko ka ji kanka kana tambayar kuɗin motar gida, ka kira wanda ya yi maka tayi na ƙarshe ka ce ka sallama, ko da rabin abin da ka sa ne. Kada ka kira ni neman shawara, wannan ita ce shawarar. Kada kuma ka bi diddigin nawa ya sayar daga baya. Ba zan tambaye ka nawa ka samu ba, kuma kada ka aiko mini da komai daga ciki.

In ka ji an ce ba ni da lafiya, ka kira waya, kada ka hau mota. In ka ji an ce na cika, ka yi mini addu'a daga inda kake, akwai masu ɗaukata a nan.

Allah Ya haɗa ka da mai saye mai tsoron Allah, Ya sa albarka a abin da za ka samu, kaɗan ne ko mai yawa. Allah Ya kiyaye ku a gida da kasuwa, Ya raya mini jikata cikin aminci a inda ba za ta san ƙarar babur abin tsoro ce ba. Ka gaishe da Hauwa'u, ka ce Innarka ta ce a shanya daddawar kafin a rufe ta.

Wassalam.

Mahaifinka,
daga Sabon Birni.